Kwaɗo, Kusu da Gizo: Kallon Yarinta In An Sake Shi da Furfura



Wataƙila a daren jiya ka dawo daga kasuwa ka tarar da yara a ƙofar gida, sun haɗa kawuna kan salula guda. Ba ka jin kome sai dariya. Ka leƙa don ka ga abin da suke kallo. Wani muzuru ne na zane yake bin kusu da gudu. Kusun ya faɗa rami, muzurun ya yi karo da bango, fuskarsa ta baje kamar faranti. Ka buɗe baki za ka kore su, sai ka tsaya. Ka tuna kai ma ka taɓa ganin wannan muzuru, shekaru talatin ko fiye da suka wuce, kana zaune a ƙasa gaban tele, da ƙurar wasa a ƙafafunka.

Irin wannan kallo shi ake kira zane mai motsi. Masu jin Faransanci suna ce masa desan anime, a Nijeriya kuma ana cewa katun.

Ga tambayarmu ta yau. Abin da ya ba mu dariya muna yara, in muka sake kallonsa da furfura a gemu, yana nan da daɗinsa? Ko kuwa ya zama kamar rigar yarinta, wadda ko wuya ba ta shiga? Kafin mu amsa, bari mu bi tarihin abin daga tushe. Za ka ga ƙasarmu Nijar tana da rabo babba a cikinsa.

Kafin tele, akwai kaka

A Baudeta da ƙauyukan da ke kewaye da ita, har Tasawa da Mayahi, kallon farko da yaro ya sani ba na ido ba ne, na kunne ne. Shi ne gatana, wadda wasu ke kira tatsuniya.

Ka tuna yadda ake yi. An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu. An ci tuwon dare. Yara sun taru a ɗakin tsohuwa, tana kaɗi ko ana ɓarar gujiya. Ba a yin gatana da rana, domin rana ta aiki ce. Tsohuwa ta buɗe baki, sai ga Gizo ya shigo da tsamin bakinsa, ga matarsa Ƙoƙi, ga kura sarkin kwaɗayi, ga Dodo a bakin ruwa. Babu hoto ko ɗaya a ɗakin. Amma kowane yaro yana ganin Gizonsa cikin kansa. In aka kunna fitila kuwa, wani yaro zai haɗa hannuwansa ya jefa inuwa a bango, ka ga kan kare yana buɗe baki, ko zomo yana kaɗa kunnuwa.

An daɗe da fara rubuta waɗannan labarai. Wani Bature mai suna Frank Edgar ya sa malamai sun tattara su, aka buga su cikin littafi uku tsakanin 1911 da 1913. Daga baya Ibrahim Yaro Yahaya na Kano ya fitar da nasa littattafan, Tatsuniyoyi da Wasanni, don yaran makaranta. Amma mafi yawan gatanarmu ba ta shiga takarda ba har yau. Tana cikin bakin tsofaffi.

Ka riƙe abu biyu daga wannan ɗaki: dabba mai magana kamar mutum, da inuwa a bango. Su ne iyayen zane mai motsi.

Yaya zane yake motsi?

Gaskiyar magana, zane ba ya motsi. Ido ne ake ruɗa. In aka nuna maka hotuna da yawa a jere, da sauri ƙwarai, kowane ya bambanta da na gabansa kaɗan, sai idonka ya haɗa su, ka ga kamar abu ɗaya ne yake tafiya.

Gwada da kanka. Ɗauki tsohon kaye. A kusurwar shafi guda, zana ɗan ƙwallo a ƙasa. A shafin da ke biye, zana shi sama kaɗan. Ci gaba haka har shafi 20, kana ɗaga shi, sannan kana sauke shi. Sai ka kama kusurwar da babban yatsa, ka saki takardun da sauri. Za ka ga ƙwallo yana tsalle. To, ka yi fim ɗinka na farko ke nan.

A silima, hoto 24 ne ke wucewa cikin sakan ɗaya, wato kamar ƙiftawar ido biyu ko uku. Masu zane da yawa suna nuna kowane zane sau biyu, don haka zane 12 suke bukata a sakan. Mu yi lissafi. Minti ɗaya sakan 60 ne. 12 sau 60 ya ba da 720. Fim na minti 5 kuwa, in aka bi wannan lissafi, zai ci zane 3.600. A da, duk da hannu ake yin su, ɗaya bayan ɗaya. Dariyar minti biyar, aikin watanni ce. Manomi ya san irin wannan: tuwon da aka cinye cikin ɗan lokaci, damina guda aka yi ana nomansa.

Silima ta fara ne a Faransa. Ranar 28 ga Disamba 1895, wasu ƴan'uwa biyu masu suna Lumière suka nuna wa jama'a hoto mai motsi a birnin Paris, da kuɗin shiga. A 1908, wani Bafaranshe, Emile Cohl, ya yi zane wajen 700 da hannunsa, ya haɗa su suka zama fim da bai cika minti biyu ba. Ana lissafa shi cikin zane mai motsi na farko a duniya. A 1928, a Amurka, Walt Disney ya fito da wani kusu mai suna Mickey, wanda motsinsa ke tafiya daidai da kiɗa. A 1940 kuma William Hanna da Joseph Barbera suka fito da muzuru da kusun nan da yaranka suke kallo, Tom da Jerry. Ka ga ashe muzurun ya girmi yawancin tsofaffin garinmu.

Yadda ya iso wurinmu

A ƙasar Hausa, abin ya shigo ta hanyoyi da dama.

Hanya ta farko ita ce majigi. A zamanin mulkin Turawa, ana ɗora injin nuna hoto a mota, a je gari, a kafa farin ƙyalle a fili, da dare a nuna wa jama'a kyauta. Yawanci kan tsabta ne, da noma, da labarin gwamnati. A birane kuma aka gina gidajen silima na kuɗi. A Kano an buɗe mai suna Rex a 1937.

Hanya ta biyu ita ce tele. A Nijar tele ta fara ne a lakwal. A 1964, shekara huɗu bayan samun mulkin kai, aka fara koyar da yara ta tele a Yamai, da taimakon Faransa, cikin harshen Faransanci. A 1979, zamanin Seyni Kunce, aka buɗe Tele Sahel don dukan jama'a. Gwamnati ta ajiye tele ta kowa da kowa a garuruwa da yawa, wasu da hasken rana suke aiki. Wanda ya yi yarinta a lokacin samariya ya san yadda ake yi: manya a kan benci, yara a ƙasa can gaba, kowa ya miƙa wuya.

Hanya ta uku ita ce bidiyo. Wani ya sayi tele da injin wuta, ya kewaye wuri da zana, ka ba da dala biyar ko goma ka shiga. Fim ɗin Indiya, da na Sin masu faɗa, daga 1990 kuma na Hausa daga Kano. Kafin a sa babban fim, akan sa wa yara zane mai motsi su yi shiru.

Hanya ta huɗu tana cikin aljihunka. Yau ba a bukatar mota, ko benci, ko zana. A ranar kasuwa, mai cajin salula zai zuba maka fim ɗari cikin ɗan katin da bai kai farce ba. Abin dariya kuma, hanyar da fina-finan nan suke bi su zagaya duniya, Hausawa sun sa mata suna yanar gizo.

Ka lura da abu ɗaya. A hanya ta farko da ta biyu, babba da yaro tare suke kallo. A ta huɗu, yaro shi kaɗai yake.

Mustafa Alasan, mai kwaɗi

Mutane da yawa suna tsammani zane mai motsi aikin Turawa ne kawai. Ba haka ba ne. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara yin sa a Afirka ɗan Nijar ne. Sunansa Mustafa Alasan, a takardun Faransanci ana rubuta Moustapha Alassane.

An haife shi a 1942. Tun yana yaro yake son zane. Yakan yanka siffofin mutane da dabbobi, ya sa fitila, ya jefa inuwarsu don abokansa su kalla. Wato wasan nan na inuwa a bango da muka yi muka bari, shi bai bari ba. Ya fara da aikin kanikanci. Daga nan ya haɗu da Jean Rouch, wani Bafaranshe mai ɗaukar fim da ya daɗe yana aiki a Nijar, ya koyi riƙon kyamara. A 1962 ya yi fim mai suna Aure, da mutane na gaske. Sannan ya tafi Kanada, ya ƙara sani wurin Norman McLaren, gwanin zane mai motsi.

A 1965 ya fitar da Mutuwar Ganji, labarin sarki da fadawansa a ƙasar kwaɗi. Fim ɗin ya ci kyauta a babban bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966. A wannan shekara ta 1966 ya fitar da wani, wanda sunansa da Faransanci Bon voyage Sim, wato A sauka lafiya, Sim. A 1977 ya yi Samba Babba, da ƴan tsana da ya ɗinka, yana motsa su kaɗan kaɗan yana ɗaukar hoto. A 1985 ya yi Kokowa, da wannan suna namu na Hausa.

Bai tsaya kan zane kawai ba. A 1972 ya yi dogon fim da mutane, wanda ake kira FVVA, haruffan farko na kalmomi huɗu na Faransanci: mace, gida, mota, kuɗi. Ya yi shekaru yana shugabantar sashen silima a jami'ar Yamai. Daga baya ya zauna a Tawa, yana aikinsa, yana kuma kai fim ƙauyuka da mota. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015. Allah ya jiƙansa.

Ni na ga kwaɗinsa sau ɗaya ina yaro, a kan farin ƙyalle, a wani dare da aka kai ni Tasawa. Ban san sunan mai zanen ba a lokacin. Na dai san na yi dariya har cikina ya ƙulle. Sai bayan na manyanta na sake ganinsu, tare da muzuru da kusu. Abin da na gani shi zan faɗa maka yanzu, kai kuma ka auna da naka.

Muzuru da kusu

Mu fara da Tom da Jerry. Gaskiya, aikin hannu ne na gwanaye. Kowane tsalle yana faɗawa daidai kan kiɗa. Ba su cika magana ba, shi ya sa yaron Baudeta da yaron ƙasar Sin suke dariya wuri ɗaya, ba tafinta. Sau 7 suka ci babbar kyautar fim ta Amurka. Kuma ƙarami ne yake cin babba da dabara, abin da muka saba ji a gatana.

Amma in ka kalli na farko, da na biyu, da na uku, za ka fara hamma. Labarin ɗaya ne: a bi, a buga, a faɗi, a tashi. An sauke wa muzuru guduma a ka, ya baje, ya miƙe garau. Babba ya san kan mutum ba haka yake ba. Yaro ɗan shekara huɗu mai taɓarya a kusa da ƙanensa bai tabbata ba tukuna.

Akwai kuma abin da idon yarinta bai gani ba. A cikin na farko-farko, har zuwa 1952, akwai wata mata baƙar fata mai ƙiba, da silifa da tsintsiya. Kusan kullum ba a nuna fuskarta, sai ƙafafu da hannuwa. An ba ta magana irin ta ba'a. Muna yara mun yi mata dariya. Ba mu san a waɗannan shekaru, a kudancin Amurka, doka ta raba baƙi da farare a makaranta da mota da wurin cin abinci ba, kuma sai a 1964 aka yi dokar da ta hana wannan wariya. Ashe wadda muke yi wa dariya, kamannin iyayenmu mata ce. Yau masu fim ɗin da kansu sun sa gargaɗi a farkon wasu faifai, suna cewa wannan siffa kuskure ce.

To, muzuru da kusu: dariyar tana nan, amma ta rage, kuma akwai tsakuwa cikin tuwon.

Shugaba Sim

Sim fim ne na minti biyar kawai, baƙin zane a kan fari, ba ado. Sim shugaban jamhuriyar kwaɗi ne. Shugaban wata ƙasa maƙwabciya ya gayyace shi. Aka yi masa rakiya, ya hau jirgin sama, aka tarbe shi da sojoji da kiɗa da girmamawa iri iri, ya komo gida.

Yaro yana ganin kwaɗo ya hau jirgi, sai dariya. Kwaɗo da faretin soja! Wannan ya ishe shi.

Babba kuwa yana tuna shekarar da aka yi fim ɗin. A 1966, yawancin ƙasashenmu ba su fi shekara shida da samun mulkin kai ba. Sababbin shugabanni suna ta ziyartar juna, ana shimfiɗa darduma, ana buga taken ƙasa. A watan Janairu na shekarar, sojoji suka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa a Nijeriya. A watan Fabrairu, Kwame Nkrumah na Gana ya yi tafiya zuwa Asiya, sojoji suka karɓe mulki a bayansa, bai sake hawa kujerar ba. A 1974 aka sauke Diori Hamani a nan Nijar. A 1975, Yakubu Gawon yana taro a Kampala ya ji an sauke shi.

Wanda ya san wannan, in ya ga Sim yana kumbura wuya gaban sojojinsa, dariyarsa daban ce. Zai tambayi kansa: wa ya biya kuɗin jirgin? Sauran kwaɗin da aka bari a tabki, me suka ci a ranar? Mustafa bai ambaci sunan kowa ba. Ya sa wa mai mulki fatar kwaɗo, kamar yadda kakanninmu suka sa masa fatar zaki ko ta kura, don a faɗi gaskiya a kwana lafiya. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Kokowa kuma namu ne tsantsa. Ga fili, ga ƴan kallo, ga makaɗa, ga kwaɗi da hawainiya sun sha ɗamara suna zagaya juna. Mutumin jihar Maraɗi ba ya bukatar bayani. Tun da aka fara kokowar ƙasa a Tawa a 1975, ɗan Maraɗi ne, Yakuba Kantu, ya fara ɗaukar takobi. Yaro yana kallon wa zai kā da wa. Babba yana ganin taƙama da kirari, da yadda mai cika baki yake shan ƙasa, ya tuna wani da ya sani.

Mustafa ya kuma yi mana wani gargaɗi tun 1966, cikin fim ɗinsa na mutane mai suna Komowar Ɗan Yawon Duniya. Wani saurayi ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi, ya rarraba wa abokansa. Suka sa malafa, suka ɗauki bindiga, suka canza sunayensu, suka hana garinsu zaman lafiya. Wato abin da matashi ya kalla, yana iya sa shi a jiki ya fito da shi titi.

Mu koma wurin Gizo

Gizo ma kallon yarinta ne, don haka mu auna shi da ma'auni ɗaya.

Ka tuna labarinsa da giwa da dorina. Aka yi yunwa. Gizo ya je wurin giwa ya karɓo hatsi, ya ce dorina ce ta aiko shi, za ta biya da doki. Ya je wurin dorina ya karɓo nata abincin, ya ce giwa ce ta aiko shi. Shi da iyalinsa suka cinye. Da lokacin biya ya yi, ya ba giwa bakin igiya, ya ba dorina ɗaya bakin, ya ce wa kowace dokinta ne a ɗaure can, ta ja. Suka yini suna jan juna, Gizo ya yi tafiyarsa.

Muna yara, jan igiyar ne ya ba mu dariya. Kalmar farko ta wuce mu: aka yi yunwa. Wanda ya ga shekarar 1984, wadda mutanenmu suka sa wa suna El Buhari saboda rufe iyakar Nijeriya da aka yi ana cikin fari, ko ya ga 2005, lokacin da mata suka yi ta kai yara wuraren ba da abinci a Maraɗi, ba zai ƙara jin kalmar nan kamar da ba. Wanda ya taɓa cin bashin tiya ɗaya da damina ya biya biyu da kaka, ya san abin da ya kai Gizo ƙofar giwa. Ashe tsohuwa labarin rumbu da bashi take ba mu, ta lulluɓe shi da dariya don ya haɗiyu.

Babba yana kuma ganin aibin Gizo. Maƙaryaci ne, mai son kansa, sau da yawa yakan ci ya hana Ƙoƙi da ƴaƴa. Gatana ba ta ɓoye wannan ba. Sau nawa dabararsa ta koma kansa, ya sha duka, ya gudu ya maƙale a rufin ɗaki? Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Matasa da aka haifa daga baya suna da nasu, wato Kiriku, wanda ya fito a 1998. Michel Ocelot ne ya yi shi, Bafaranshe da ya yi yarinta a Gini. Yaro yana ganin ɗan mitsitsin jariri mai gudu yana ceton garinsu daga mayya Karaba. Babba yana jin tambayar da jaririn ya nace a kanta: me ya sa Karaba take mugunta? A ƙarshe aka gane wasu maza ne suka soka mata ƙaya a gadon baya, take fama da ciwon dare da rana. Duk mai sasanta rikici a gari ya san darajar wannan tambaya.

Amsar tambayarmu

Yanzu ka ga amsar. Ba tsufa ke kashe labari ba, kuma ba kyan hoto ke raya shi ba. Sim ba shi da launi, Gizo ba shi da hoto ma sam. Labarin da yake daɗewa shi ne wanda aka yi kamar rumbu mai hawa biyu: na ƙasa yaro ya kai hannu ya ɗiba, na sama an ajiye masa sai ya yi tsawo. Wanda ba shi da hawa na sama, in ka koma ka leƙa, sai ka tarar da shi wayam.

Wannan ba maganar tuna baya ce kawai ba. Yaron da ke ƙofar gidanka da salula, abin da yake kallo yau shi zai koma ya leƙa bayan shekara talatin. Me zai tarar? Da wane harshe? Fuskar wa zai gani an yi wa ba'a?

Ga shawara huɗu.

1. Kada ka tsaya kan kora kawai. Zauna ka kalla tare da su, ko sau ɗaya a mako. In an gama ka tambaye su: wa ya yi daidai, wa ya yi laifi? In ka ga abin da bai dace ba, ka sa a goge shi daga katin.

2. Kada gatana ta mutu a gidanka. Ke uwa, ke kaka, a ajiye salula dare ɗaya, ki buɗe baki. Batir ba ya ƙare miki.

3. Yanzu ka iya rubutu. Je wurin tsohuwar da ta fi kowa gatana a unguwarku, ka rubuta guda ɗaya cikin kayenka, yadda ta faɗe ta. Ka kawo ajin yaƙi da jahilci a karanta wa kowa. In kowane ɗan aji ya kawo ɗaya, kun yi littafi.

4. In ka ga yaro yana zane a ƙasa da tsinke, ko yana gina shanu da laka, kada ka ce wasan banza ne. Ka nuna masa dabarar kaye da ƙwallo. Ka faɗa masa akwai wani yaro da ya fara da fitila da inuwa, har aka kalli kwaɗinsa a Dakar da Paris.

Allah ya raya mana zuriya, ya sa abin da muka zuba musu a kunne da ido ya amfane su ranar da ba mu nan. Amin.

Tambayoyi don hira a aji

Wace gatana ce ka fi tunawa, kuma wa ya faɗa maka ita?

Me ka gane a cikinta yanzu wanda ba ka gane ba kana yaro?

In fim yana cin zane 12 a sakan ɗaya, zane nawa za a yi don fim na minti 3?